Allunan da Ba a Wankewa

Me ya fitar da Malam daga Makka? Da wannan tambaya nake kwana, da ita nake tashi, kuma har yau ba wanda ya amsa mini. Tun da likita ya ce zuciyarsa ta yi rauni, Malam bai ƙara kwana a wajen haddin Harami ba. Ko Jidda ya je, sai ya dawo gidanmu na unguwar Zahir ya kwanta. Cewa yake yi, "Kakana da ƙafa ya taho daga Kano don ya mutu a garin nan. Ni da aka haifa a ciki, in bari mutuwa ta tsince ni a wani wuri? Da wane ido zan dube shi?"

Amma da 'yarmu Safiyya ta haihu a ƙasar Finlan, na ce ƙanena Siddiƙu zai raka ni in yi mata wankan jego, sai Malam ya ajiye kofin shayi ya ce, "Ni zan kai ki." Wasu sun ce jikan ne ya ja shi. Safiyya ta ce wurin aikinta yake son gani. Ni dai ban sani ba. Abin da na sani, tun daga wannan rana tsoro ɗaya ya zauna mini a ƙirji: kada in fita da shi in kasa dawo da shi.

Tun da na fita takaba, duk wadda ta shigo gaishe ni sai ta ce, "Wai yaya ƙasar take?" Na gaji da farowa ina tsayawa a tsakiya. Ni ban yi karatu ba. Maƙwabciyata Malama Sa'a ce ke rubutawa, ni ina faɗa, inda kuka ya zo mini ta jira ni.

Sai kun san aikin Malam za ku gane abin da ya faru. A ƙarshen ƙarfinsa wankin allunan sola yake yi, waɗannan baƙaƙen allunan gilashi da ke jawo wuta daga rana. Yana bin gonaki da gidajen hutu na bayan gari, da bokiti da doguwar sanda mai soso a baki. Da asuba yake yi, kafin gilashi ya ɗau zafi. Idan mai gona ya ga wuta ta ragu, ba ƙura yake zagi ba, mai wanki yake zagi. Safiyya ta tashi tana ganin wannan, ta yi karatun lantarki, har aka tura ta can ita da mijinta Mansur. Ubanta na wanke alluna, ita tana auna su.

Wahala tun daga Jidda ta fara, a ofishin biza. Aka ce kowa ya ɗora yatsu a kan na'ura. Nawa suka fito. Na Malam suka ƙi, ruwa da sabulu sun suɗe zanen. Ma'aikaciyar ta ce ya goga a goshi ya sake, ya goga har goshin ya yi ja.

Ya dube ni ya ce, "Ummu Safiyya, kin ga ko ƙarfen ba ya son tafiyar nan."

Na ce, "To mu fasa mana."

Ya yi kamar bai ji ba, ya sake ɗora yatsan.

Jirgi ya sauke mu a Istambul, muka yi tafiyar ƙafa a cikin filin jirgin kamar daga Safa zuwa Marwa sau ba adadi, Malam na tsayawa yana dafa bango. Wani jirgin ya kai mu babban birnin Finlan. A nan kare ya tare mu. Kare ne ma'aikaci, da rigarsa. Ya zo ya zauna a gaban jakata, Malam ya tattare farar rigarsa yana cewa, "A'uzubillahi, ku janye shi, da alwalata!" Aka buɗe jakar. Suka ɗauke kilishin da na yi wa mai jego da kwalbar man shanu, wai nama da abin nono ba sa shiga ƙasar. Ma'aikacin ya kwance ƙullin daddawa ya sunsuna, ya ja baya, ya daɗe yana kallona. Da na nuna masa baki, alamar ci ake yi, sai ya ɗaure ya mayar mini da yatsu biyu. Kanwa da garin gero da kuka dai sun tsira.

Mansur ya tarye mu da manyan riguna masu nauyin katifa. Ya ce, "Baba, ka cire takalmin nan na Makka, ka sa wannan." Malam ya ce safa biyu ya saka, ya isa. Ƙofa ta buɗe muka leƙa waje, sai na ji gashin hancina ya daskare, numfashi kamar ana haɗiyar allura. Malam ya koma ciki da kansa ya ce, "Kawo takalmin."

Daga nan jirgin ƙasa muka hau zuwa arewa, garin da sunansa ya gagari harshena. Hagu itatuwa, dama itatuwa, ƙasa fari fat. Ba akuya, ba mai talla, ba wanda ke tsaye a bakin hanya. A cikin taragon mutane cike, amma ko tari ba ka ji. Na yi wa wata tsohuwa da ke kusa da ni sallama da kai, na miƙa mata dabino. Ta firgita kamar na miƙa mata kunama, sannan ta karɓa, ta ci, ta rasa inda za ta sa ƙwallon, ta riƙe shi a hannu har ta sauka.

Gidan su Safiyya na katako ne, a cikin gidajen ma'aikata, bayansa filin da suke aiki. Ciki ɗumi kamar an rufe ka da bargo. Na ga jikana, na ga 'yata lafiya, na yi hamdala. Amma duhun ƙasar ya tsorata ni. Rana sai wajen azahar take leƙowa ta bakin itatuwa, kamar mace ta leƙa ta katanga, ta koma. Ba kiran salla. Mu da muka saba kunne ya cika da shi ta kowace kusurwa, sai agogo. Limamin ɗan masallacinsu ya ce a irin wannan lokaci da yawansu lokacin Makka suke bi. Wannan ya yi wa Malam daɗi. Ya ce, "Ko ba komai, tare nake kabbara da mutanen gida." Idan ya kishingiɗa da rana ya yi shiru, sai in ajiye abin da nake yi in je in tsaya a kansa, har sai na ga ƙirjinsa ya motsa.

Abincinsu kuwa, burodi baƙi mai tsami da tauri, Malam ya ce da shi za a iya jifan Shaiɗan. Miyar kifi da madara suke yi. Akwai wata baƙar alewa mai gishiri da Mansur ya ba ni don tsokana, na tofar, na ce Allah ya isa. Gahawa kuwa sun fi Larabawa sha, sai dai tasu ba hel ɗin da muke sawa don ƙamshi, ba dabino.

Abu ɗaya ya yi kama da namu. Kowane gida da ɗan ɗaki na katako, ana gasa duwatsu a watsa musu ruwa, tururi ya tashi, mutum ya shiga yana fyaɗa jikinsa da ganye. Na ce, "Safiyya, ashe duk ƙasar nan jego suke yi, har mazansu!" A ciki na yi mata wankan, ban sha wahalar dafa ruwa ba. Amma wata rana na leƙa taga na ga keken jariri a waje cikin ƙanƙara, ba kowa kusa. Na fita a guje ba mayafi, na tarar da jariri a ciki, an naɗe shi, yana barci. Na fara ihu an jefar da ɗa. Uwar ta fito da kofi a hannu tana kallona. Wai haka suke yi, barcin waje ya fi lafiya. Na koma na ce wa Safiyya, "Duk ranar da kika gwada wannan da jikana, ban yafe nonona ba."

Bayan ta yi arba'in, rana ta fara daɗewa a sama, Safiyya ta ce za ta nuna wa ubanta wurin aiki. A nan muka haɗu da shugabarta, wata doguwar tsohuwa mai farin gashi, Helmi. Ba ta dariya, amma idonta na da kirki. Tana magana, Safiyya na fassarawa.

Alluna ne jere-jere a fili, kowanne da wayarsa da ta shiga wani ɗaki. Helmi ta ce wasu tun tana budurwa aka kafa su. Aikinsu shi ne su san yadda allo ke tsufa a ƙasar sanyi. Ta ce allo ba ya mutuwa rana ɗaya. Kaɗan-kaɗan wutarsa ke raguwa, ido ba ya gani, sai an ɗora awon bana a kan na bara da na shekarun baya. Ta kai mu wani ɗaki mai duhu inda suke kwantar da allo su haska masa fitila mai walƙiya, madadin rana, don hasken da aka auna shi da shi bara ya zama shi ne na bana. Ta nuna mana hoton cikin wani tsohon allo. A ido lafiya lau yake, a hoton kuwa duk tsaga ne siri-siri, kamar fason ƙafa.

Malam ya ce, "Tambaye ta, me ke cin su a nan? Mu can zafi ne ke dafa su, har su koma launin shayi."

Helmi ta ce sanyi kansa ba ya cutar da su, har sun fi ba da wuta a cikinsa. Nauyin dusar ƙanƙara ne ke danne su, da ruwan da ke shiga gefe ya daskare ya buɗa, ya narke, ya sake daskarewa.

Sai muka iso layin ƙarshe. Sauran an share su. Wannan kuwa ƙanƙara ta kama ƙasan kowane allo, ga kashin tsuntsu, ga dattin itace ya manne. Na ga hannun Malam ya tashi da kansa. Safiyya ta riƙe shi.

"Abuya, wannan layin da gangan aka bar shi. Ba shara, ba wanki, tun ranar da aka kafa shi. So ake a ga yadda allo zai yi a rufin mutumin da ba ya kula da shi."

"Wa ke auna shi?"

"Ni."

"To idan suka ga wuta ta ragu, wa za su kama?"

Ta yi dariya ta ce, "Ya Abuya, raguwar ai ita muke nema. Ita ce aikin."

A gida ya ce mini, "Yarinya ce, ba ta san masu gida ba. Yau su ce raguwa suke nema, gobe su ce ke kika rage. Baƙuwa ce a ƙasarsu, ba ta da kowa." Na ce ya bar wa masu ilimi iliminsu. Ya ce, "Allo dai allo ne."

Ranar da abin ya faru, gari ya waye tas, rana ta fito sosai, sanyi kuwa ya fi na kullum. Mansur ya tafi aiki, Safiyya ta kai yaro awo. Ina dama kunun kanwa, na kira Malam bai amsa ba. Na leƙa banɗaki, ba bokiti, ba sandar goge ƙasa. Na bi sawunsa a cikin dusar, ya bi ta ƙaramar ƙofar filin, wadda sakata kawai gare ta, don ƙasar ba a sata.

A gindin layin ƙarshe na same shi kwance. Ruwan famfo ya ɗebo, mai sanyi, don ya san ba a watsa wa gilashi mai sanyi ruwan zafi. Duk iliminsa na Makka ya bi. Abin da bai sani ba, ruwa a can ba ya jira. Wanda ya watsa a allo ya daskare kafin ya gangaro. Wanda ya zuba a ƙasa ya zama gilashi a ƙarƙashin ƙafarsa. Ƙafarsa ɗaya ta juya wani iri, gemunsa ya yi fari da ƙanƙara, hannun rigarsa ya manne da ƙasa, na ja na kasa ɓamɓarewa.

Ya ce, "Kada ki matso, akwai santsi."

Na yi ihu da Hausa, na yi da Larabci. A Zahir da kafin in rufe baki unguwa ta cika. A can ko labule bai motsa ba. Na kwanta a jikinsa ina hura masa numfashi a fuska, ina cewa, "Ya Rabbi, ba a nan ba. Ya Rabbi, ba a nan ba." Sai ga Helmi ta taho a kan dogayen katakan da suke zamiya da su. Ba ta tambayi komai ba. Ta cire rigarta ta rufa masa, ta yi waya, ta durƙusa ta riƙe kansa har motar asibiti ta zo.

Ƙashin ƙugu ne ya karye. Suka yi aiki suka sa ƙarfe. Asibitin tsaf, ma'aikatan da tausayi, har alƙibla suka nemo masa. Amma zuciyar ta ƙara rauni, yana magana yana haki. Likita ya ce kada ya hau jirgi yanzu, dogon zama na iya sa jini ya dunƙule ya tafi huhu.

Na ja Mansur gefe na ce, "Ka gaya mini gaskiya, in Musulmi ya rasu a nan, yaya ake yi?"

Ya ce, "Umma, bar wannan maganar."

Na ce, "Na haɗa ka da Allah."

Ya sunkuyar da kai ya ce akwai ɓangaren Musulmi a maƙabartar cikin daji. Ƙasa ta daskare kamar dutse, sai an kifa mata abin ɗumi ta kwana kafin ta haƙu. Gawa kan yi kwanaki tana jira. A akwati ake sawa. Na tuna yadda ake yi a gida, mutum ya cika da hantsi, kafin la'asar yana gaban Ka'aba dubban mutane na yi masa salla. Na zauna a ƙasan asibitin.

Helmi ta zo dubiya da furanni. Malam ya ce wa Safiyya, "Ki ce ta yafe mini, na ɓata musu aikin shekaru." Helmi ta ce sun rubuta ranar da abin da aka yi wa allunan, kuma awon da aka daɗe ana tarawa ba ya rushewa da wankin safiya ɗaya. Ta ce 'yarsa ba ta da laifi a wurin kowa. Ya tambaye ta yaushe suke cewa allo ya gama. Ta ce na farkon da suka kafa har yanzu suna ba da wuta, sun dai rage, ba ta ga ƙarshensu ba tukuna. Ya ce, "To Allah ya sa ki gani." A ranar na ga ta yi murmushi.

Da ta fita ya ce, "Ku kai ni gida."

Safiyya ta ce, "Abuya, jirgi zai iya kashe ka."

"Gadon nan ma zai iya."

"Ka ƙara ko wata ɗaya, don Allah. Ka ji abin da likita ya ce."

"Likita ya ce zan kai watan?"

Ta juyo gare ni tana kuka ta ce, "Ummi, ki yi masa magana, ke yake ji." Shi ma ya dube ni. Na daɗe da zama da mutumin nan, ban taɓa ganin tsoro a idonsa ba sai ranar. Na ce, "A kai shi."

Da likita ya ga ba zai tanƙwaru ba, ya jira har Malam ya iya zama a keke, ya ba Mansur allurar da za a riƙa yi masa a ciki, da wata matsattsiyar safa. Safiyya ba ta biyo mu ba, takardun jariri ba su fito ba. A filin jirgi ta durƙusa gaban keken ta sa kanta a cinyarsa, ya dafa ta ya daɗe, har ma'aikacin da ke tura keken ya juya baya.

Ban san me aka ci a jirgi ba, ban san wa ya zauna kusa da mu ba. Yatsuna na kan wuyan hannunsa tun daga tashi. A Istambul leɓensa ya yi duhu, Mansur ya ce a kira likitan filin jirgi. Malam ya riƙe masa riga ya ce, "In ka kira, za su hana ni hawa. Ka ji tsoron Allah, Mansur." Mansur ya zauna yana hawaye. A jirgi na biyu duk lokacin da ya rufe ido sai in matsa hannunsa, shi kuma ya matsa nawa, don in san yana nan.

Muka sauka Jidda da hantsi. Siddiƙu na jiranmu da mota. Da ya ga fuskar Malam ya ce, "Yaya, asibiti za mu fara, ga shi nan kusa."

Malam ya ce, "A Makka ma akwai asibiti. Ja mota."

Aka kwantar da shi a baya, kansa a cinyata. Hanyar da na bi sau ba iyaka, ranar ta ƙi ƙarewa. Numfashinsa ya koma gajere-gajere. A shingen Shumaisi motoci suka yi layi, ga manyan motocin masu umara a gabanmu, ana duba su ɗaya bayan ɗaya. Ina jin ƙirjinsa na ƙara, ina kallon layin ba ya motsi. Siddiƙu ya leƙa ya yi wa askar mai tsaron shingen magana, askar ya duba bayan motar, ya ɗaga hannu ya buɗe mana gefe. Siddiƙu ya taka mota. Muka wuce alamun haddi. Sannan ya ce da ƙarfi, "Yaya, mun shigo. Wallahi mun shigo."

Bai kai asibitin ba, bai kuma kai Zahir ba. Ina laƙƙana masa kalmar shahada leɓensa na bi, ba murya, har ya daina. A Harami aka yi masa salla bayan la'asar, aka kai shi maƙabartar Shara'i, ƙasa mai ɗumi, ba akwati. Mutane na ce mini in gode wa Allah, kuma na gode. Amma gidan ya yi mini faɗi, kuma har yau in na ji sanyin na'ura a mota sai kuka ya zo mini. Don a lokacin da Siddiƙu ya ce mun shigo, Malam ya buɗe ido, ya dubi rufin motar, ya dube ni, ya ce:

"Ummu Safiyya, ce su kashe sanyin nan. Sauke gilashi, in ji zafin garinmu."